Gobarar Sito da Bencin Baya

Ran Kirsimetin da ya wuce, muna zaune a falon Yohanna bayan an ci an sha, na ji yana ba 'ya'yansa labarin yadda aka kore ni daga aiki a Ikeja. Ya ce hassada aka yi mini, wai don ni ɗan Arewa ne mai gaskiya, na tsare sito na hana manya sata. Yaran suka juyo suna kallona da sha'awa, ni kuwa na sunkuyar da kai ina juya cokali a cikin kwano. Ban ce masa ba haka ba ne. Kusan shekara talatin ke nan wannan labari yana yawo a gidana. Ban taɓa faɗarsa da bakina ba, amma ban taɓa tsayar da shi ba. Yanzu ido ya fara gajiya, mamanku kuma da za ta gyara mini magana ba ta nan. Shi ya sa na zauna in rubuta muku, ke Saratu, da kai Yohanna, da ke Na'omi, ainihin abin da ya raba mu da gidan Ikeja ya kai mu ɗaki guda a Agege.

A lokacin ni ne mai kula da sito a wani kamfani da ke yin bokitai da robobin wanka. Kamfani ya ba mu gida a kwatas ɗin ma'aikata, ɗaki biyu da falo, da famfo a ciki, abin da ban taɓa zato ba ranar da na baro ƙauyenmu a ƙasar Katsina da jaka guda. Duk Lahadi mukan shiga motar haya ta danfo mu tafi Agege, inda ake sujada da Hausa. Ikilisiyar ta tara tsofaffin sojoji, da masu gadi, da ma'aikatan asibiti, mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa, da mu 'yan tsirarun da Hausa ce harshen gidanmu. Mamanku Rahila ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kujerarta tana layin gaba. Kun san 'yar Filato ce, har ta koma ga Ubangiji ba ta damu da raba "ya zo" da "ta zo" ba, kuma ba zan kwaikwayi harshenta a nan ba. Karatunta bai wuce firamare ba. Ni kuwa ina da takardar sakandare, ni ake ba karatu a gaban jama'a, don haka a raina ni ne malamin gidan.

A ƙofar kamfanin akwai mai gadi sunansa Isuhu, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, dogo, siriri, marar yawan magana. Kowa a wurin yana kirana Oga Sito, shi kaɗai ke ce mini Malam Dauda. Yana da ɗan murhun waya da yake hura gawayi a ciki ya dafa shayi, a gefen ɗakin gadi, daf da bangon sito ta baya. Da hantsi in na fito shan iska, shi zai miƙo mini kofin farko. Mukan yi hirar damina da farashin gero a gida. Bai taɓa tambayata don me ni Bahaushe nake zuwa coci ba, ni ma in lokacin salla ya yi nakan tsaya masa a ƙofa har ya idar.

Wata Asabar, ranar da ake tashi aiki da azahar, mura ta kama ni. Na taho da hita daga gida, irin wadda ake tsomawa cikin ruwa, don in dafa ruwan zafi in sha da lemun tsami. Doka ta hana shiga da irin wannan cikin sito, ni da kaina nake karanta wa sababbin ma'aikata dokar. Na jona ta a bayan tarin kwali inda ba mai gani, na tsoma a bokitin roba. Kafin ruwan ya tafasa wata babbar mota ta zo ɗaukar kaya, aka kira ni. Muna gama lodi aka kaɗa ƙararrawar tashi. Na ja ƙofa, na sa kwaɗo, na shiga mota zuwa Oshodi don in saya wa Saratu takalmin makaranta. Ina riƙe da takalmin, ina ciniki da mai kaya, sai abin ya faɗo mini a rai. Na yar da takalmin na fita da gudu. Kafin in iso, hayaƙi baƙi ƙirin ya rufe unguwar, 'yan kwana-kwana suna ta fama. Ba wanda ya mutu, wannan kam jinƙan Allah ne. Amma sito ya ƙone ƙurmus.

Ran Litinin manaja ya tara mu. Kafin a fara bincike ma, wani ya ce ai kowa ya san abokin nan na ƙofa kullum yana wasa da garwashi a jikin bango. Nan da nan magana ta zauna a kan Isuhu. Manaja ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ya tambaye ni ko akwai wani abu da aka jona da wuta a cikin sito. Na ce babu. Kalma guda ce, ta fita da sauƙi har na yi mamaki. 'Yan sanda suka tafi da Isuhu. Ya yi mako uku a hannunsu, sannan aka sake shi, kamfani ya kore shi. Ni kuwa aka yaba mini a gaban ma'aikata, wai na dawo da gudu bayan an tashi saboda kishin aiki, aka ba ni mabuɗin sabon sito.

Saratu, ke kina da wayo a lokacin, za ki tuna shekarar da ba na zama a gida. Na faɗa aikin coci kamar wanda ake kora. Ni ne sharar majami'a ran Asabar, ni ne azumin Laraba, ni ne ɗaukar bulo da aka fara ƙara gini, ni ne gaida marasa lafiya har Ebute Metta. Jama'a suka yi ta cewa Ruhu ya sauko wa Dauda. Ni na san abin da nake yi. Ina ta tara aiki ne ko ya yi nauyin da zai danne wancan abu, amma duk wanda na ƙara sai in ji shi kamar audugar rimi. Na daina shan shayi. Na zama mai saurin fushi. Yohanna, akwai ranar da ka fasa kofi ka ce ba kai ba ne, na yi maka dukan da ya fi ƙarfin laifinka, ina ihu cewa ba a ƙarya a gidana. Kana da shekara shida. Mamanku ta zo ta ɗauke ka, ta yi mini wani kallo da har yau ina ganinsa. Ka yafe mini wannan. Ba kai nake duka ba.

Da shekara ta kewayo, ikilisiya ta zaɓe ni in zama dattijo. Aka sa ranar keɓewa wata Lahadi. Ran Asabar ɗinta da la'asar, kun tafi koyon waƙa, mamanku tana zaune a baranda tana wanke shinkafar masa, ga cikin Na'omi wata bakwai. Ni ina goge farar rigar da zan sa. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Baban Saratu, bana sau nawa aka ci Jibin Ubangiji?"

Na ce ban riƙe ba.

"Ni na riƙe. Ko sau ɗaya ba ka ci ba. Da an buɗe farin ƙyallen nan da ke rufe gurasa da ƙoƙo sai ka tuna akwai abin gyarawa a waje. Gobe za su ɗora maka hannu, kai ne za ka riƙa raba wa mutane. Me ke tsakaninka da teburin nan?"

Na ajiye dutsen guga. Na yi niyyar in ce gajiya ce, sai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba. Na gaya mata komai, daga hita har zuwa kalmar da na ba manaja. Hannunta yana cikin ruwan shinkafa, ba ta cire ba har na gama. Na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, ko ta tambayi abin da zai same mu. Abin da ta fara cewa shi ne:

"Isuhu yana ina yanzu?"

Ban sani ba. Shekara guda ina azumi a kan zunubina, ban taɓa tambayar inda mutumin yake ba. Na ce mata ai shi ya sa nake duk wannan aiki, ko Allah ya duba wahalata ya yafe. Sai a nan ta cire hannu daga ruwa ta share a zani.

"Wa ya gaya maka ana sayen gafara da tsintsiya? Kai da kake karanta mana Maganar Allah kowace Lahadi? In da shara da azumi suna iya wanke mutum, me ya kai Yesu kan gicciye? Ya hau ne don ya ga babu abin da za mu iya yi wa kanmu. Bai ce ka gyaru tukuna sannan ka zo ba. Kai kana nan kana ta ƙoƙarin ceton kanka, shi kuwa yana tsaye da abin a hannu kyauta, ka ƙi miƙa hannu don kunya ba za ta bar ka ka zo a matsayin maƙaryaci ba. To, a matsayin maƙaryacin yake son ka zo. Irinku ya mutu dominsu, da irina."

Ba sabon abu ta faɗa ba. Tun ina yaro nake jin cewa ceto alheri ne, ta wurin bangaskiya ake karɓarsa. Na koyar da shi a ajin masu shirin baftisma. Amma ban taɓa zama mai bukatarsa kamar ranar nan ba, kuma ban taɓa jinsa daga bakin wanda ya san abin da na yi ba. Duk da haka, ku ga halin zuciyar mutum, nan take na hango wata ƙofar gudu. Na ce mata to, in haka ne, in na tuba a gaban Allah ai magana ta ƙare, ba sai kowa ya ji ba.

"Tsakaninka da Allah, in ka tuba da gaske, ta ƙare yau, a kan wannan kujera. Ba sai ka ga manaja kafin Allah ya karɓe ka ba. Amma wace irin tuba ce wadda za ta bar sunan bawan Allah cikin laka, kai kana cin abinci da mabuɗin da ka samu a kansa? Wanda aka yafe masa ba shi da sauran abin ɓoyewa. Abin da kake tsoro a gani, Allah ya riga ya gani, bai kore ka ba. Saura mutane, su kuwa mutane ne."

Na ce mata ta san abin da take faɗa kuwa? Aiki zai tafi, gida zai tafi, makarantar Saratu za ta tafi, ga ta da tsohon ciki. Ta dube ni, ta ce:

"Kada ka ɗauka ba na jin tsoro. Ina ji har cikin ƙafata. Ina son famfon nan, Allah ya sani. Amma shekara guda ke nan ina zaune da wani mutum da ban sani ba. Ina son mijina ya dawo. Masa kuwa a ko'ina ana iya soya ta."

Muka durƙusa a barandar nan, ga shinkafa a gefe. Ban iya dogayen addu'o'in da na saba ba. Na faɗi abin da na yi da sunansa, na roƙi jinƙai saboda Yesu. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai tashi na ji yunwa, karo na farko cikin watanni, na ci abinci har na ƙoshi.

Kafin rana ta faɗi muka je wurin Baba Fasto, tsohon da ke kiwon ikilisiyarmu a lokacin. Ya saurara, ya cire tabarau ya goge ido. Washegari, a maimakon a ɗora mini hannu, na tsaya a gaban jama'a da farar rigata na faɗi laifina. Baba Fasto ya sanar cewa an sa ni horo na wata shida, zan zauna a bencin baya, ba karatu, ba wani aiki. Ya ce wa jama'a horon ɗa ake yi, ba korar baƙo ba, kada wanda ya kuskura ya ɗauka Almasihu bai isa wannan laifi ba. Na taka zuwa baya ina jin idanu a bayana. Ban kai ga zama ba sai na ji motsi a layin gaba. Mamanku ce ta tashi, da cikinta, ta ɗauki jakarta, ta bi tsakiyar majami'a a hankali ta zo ta zauna kusa da ni. Ba wanda ya sa ta horo. Wata shidan nan duka a nan ta zauna, daga nan take ba da waƙa, mata suna amsawa daga gaba.

Ita ce ta ce kafin manaja sai Isuhu, don shi aka fi zalunta. Na yi kwana uku ina tambaya a wurin 'yan Nijar, har aka ce mini yana dako a kasuwar Mile 12. Na same shi da rana tsaka, ya sauke kwandon tumatir yana share gumi, ƙafafunsa duk caɓi. Ya rame ƙwarai. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"Malam Dauda! Lahiya lau? Ina iyali?"

Da na fara magana sai ya juyo mini kunnen dama, ya ce na hagun ya mutu tun zamansa a hannun 'yan sanda. Na ja shi gefe, bayan wata motar albasa, na durƙusa a cikin caɓin na gaya masa. Na ɗauka zai ce dama ya sani, ko ya yi zargi. Bai sani ba. Ya ce:

"Ranar nan na kashe garwashin da ruwa, na tabbata. Amma da sunka yi ta dukana suna cewa ni ne, sai na ce watakila ni ne, ɗan Adam yana mantuwa. Malam Dauda, shekara guda ke nan, duk salla sai na roƙi Allah gahwara bisa dukiyar mutane da na ƙona. Gida ma ban tahi ba, don kunya."

Na ce ya yafe mini. Ya ɗauki gammonsa ya ɗora a ka.

"Tashi ka tahi. Yau ba ni iya kallonka."

Na koma gida ina cewa da ma ban je ba. Mamanku ta ce yafewarsa tasa ce, ba a ƙwata, ni dai nawa shi ne in faɗi gaskiya, kuma na faɗa.

Manaja bai yi ihu ba. Ya ce in ajiye mabuɗi, an kore ni ba tare da ko sisi na sallama ba, ina da mako guda in tashi daga kwatas. Maganar 'yan sanda bai tayar ba, ina jin don kada a ji cewa sun sa an kulle marar laifi. Abu guda na roƙa, shi ma mamanku ce ta sa ni: takarda mai hatimin kamfani da ke cewa Isuhu ba shi da hannu a gobarar. Suka yi ta ja mana rai. Kwana huɗu muna zuwa muna zama a benci a ƙofar ofis, ita da cikinta, tun safe har a tashi, tana gaida duk wanda ya wuce. Ran na huɗu sakatariya ta fito da takardar, ina jin kunyar cikin nan ce ta kama su.

Haka muka koma Agege, ɗaki guda kusa da layin dogo, a gidan haya mai ɗakuna goma da bayan gida ɗaya. In jirgi ya wuce kwanuka sai sun yi rawa. Muka cire Saratu daga makarantar kuɗi. A ɗakin nan aka haifi Na'omi. Mamanku ta kafa tanda a bakin titi inda 'yan kasuwa Hausawa ke wucewa, kafin wata biyu alhazai suna aikowa tun da sassafe kada masa ta ƙare. Ni kuwa wata da watanni ba aiki, don ba mai ba da sito ga wanda ya ƙona sito. Wasu matan coci suka daina gaishe ta. Na gan ta sau biyu tana kuka a layin ɗiban ruwa, da ta hango ni sai ta ce hayaƙi ne.

Da ta yi arba'in, ta goya Na'omi ta ɗauki takardar nan ta tafi Mile 12 ita kaɗai, tunda Isuhu ba ya son ganina. Ba ta miƙa masa a ɓoye ba. Ta nemi shugaban 'yan dako ta gaishe shi, ta roƙa a tara mutane, aka samo wani dillali mai Turanci ya karanta da ƙarfi ya fassara da Hausa. Sannan ta ce wa jama'a da bakinta cewa mijinta ne ya yi laifin, wannan bawan Allah bai ƙona kayan kowa ba. Daga baya na tambaye ta yadda ta iya. Ta ce a gaban mutane aka ɓata sunansa, a gaban mutane ya kamata a wanke shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita ba wannan ba ne. Mun yi shekara ashirin da bakwai bayan haka, mun yi faɗa kamar kowane miji da mata, a kan kuɗin cefane, a kan dangina, a kan tarbiyyarku. Ko sau ɗaya ba ta taɓa jawo maganar gobara ta jefe ni da ita ba, ko a ranar da abinci ya gagara. Akwai lokacin da ni da kaina na maida abin sana'a, ina zaune a ɗaki ina cewa ni ba mutum ba ne, na jawo wa iyalina wahala. Ta shigo da bokitin ƙullu ta dire.

"Da kana taƙama da aikinka, yanzu kuma kana taƙama da baƙin cikinka. Duka biyun kanka kake kallo. An yafe maka, Baban Saratu. Ko ba ka gaskata ba? In ka gaskata, tashi ka ɗebo mini ruwa."

Na tashi na ɗebo. A wurinta na koyi cewa wanda aka ceta yana da aikin yi, amma aikin godiya ne, kuma yawancinsa irin na ɗiban ruwa ne.

Wata huɗu bayan karanta takardar, wata Juma'a da yamma, na ji sallama a ƙofar ɗakinmu. Isuhu ne, da ƙaramin buhun albasa a kafaɗa. Mamanku ta shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, da la'asar ta yi ta kawo masa ruwa a buta ya yi salla a ƙofar ɗaki, ta hana ku hayaniya. Da ya idar ya ce ya je gida ya dawo, ya nuna wa mahaifinsa takardar. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya ƙara da cewa bai yi niyyar yi da wuri haka ba, amma matar da ta tsaya a kasuwa da jinjiri a baya ta tona asirin gidanta don mutumin da ba danginta ba, ba addininta ba, ba a mayar da ita hannu wofi. Kunnensa dai bai dawo ba, kuma ba abin da zan iya yi a kai. Shi ne ya kai ni wurin dillalan albasa mutanen garinsu, ya tsaya mini, ya ce wanda ya faɗi gaskiyar da ta raba shi da gidansa ana iya ba shi amana. Kasuwancin albasar da ya yi muku makaranta har kuka zama abin da kuka zama, daga nan ya faro. Bayan wasu shekaru ya koma Tawa ya zauna.

Labarin hassada kuwa, ƙanena ne ya ƙirƙiro shi don ya rufa wa dangi asiri a gida, ya biyo hanya ya dawo Legas ya shiga kunnenku. Mamanku ta ce ita ba za ta faɗi wannan ƙarya ba, ba kuma za ta ƙwace mini bakina ba, ni ne zan gaya muku. Ta tuna mini lokacin auren Saratu. Ta tuna mini a gadon asibiti, kwana biyu kafin ta tafi. Na iya tsayawa a gaban ikilisiya da manaja da Isuhu, amma idonku na kasa. Ina son yadda kuke kallona. Wannan ma zunubi ne, na kai shi inda na kai na farkon.

Ran makokinta, za ku tuna wani dogon tsoho mai rawani da ya zauna a tabarmar maza kwana uku, bai cika magana ba. Na'omi, kin tambaye ni wane ne, na ce abokin kasuwanci ne. Isuhu ne. Kwana biyu ya yi a mota daga Tawa da ya ji labari ta waya. Da na raka shi tasha, ya riƙe hannuna ya ce ya lura 'ya'yana ba su san shi ba. Na ce haka ne.

"Ni ba komai, Malam Dauda. Amma ita fa? Kana bari su binne uwarsu ba su san abin da ta yi ba?"

To, yanzu kun sani. Ba mutumin kirki aka zalunta a Ikeja ba. Mai laifi ne Almasihu ya yi wa alheri, ya kuma aiko masa da bisharar ta bakin matar da ke wanke shinkafa a baranda. A kan wannan alheri ta rayu, a kansa ta mutu ba tsoro, a kansa nake jiran nawa lokacin. In kun ji haushina, kuna da gaskiya, ba kuma zan gaggauta ku ba. Ran Lahadi bayan sujada ina gida. Ku zo da yaran, ni da bakina zan gaya musu.